Wasiƙa zuwa ga aminina kan ɗaukar hoton garuruwan kwal na Romaniya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Yaya sanyin can? Mutanen gida duk lafiya lau, suna gaishe ka.

Hotunan da ka turo daga Petrila sun iso, na zauna na dube su ɗaya bayan ɗaya. Hannunka ya faɗa, babu shakka. Amma tunda ka ce in gaya maka gaskiya, ga ta: kusan dukkansu kango ne, hasumiyar mahaƙa da ta yi tsatsa, tagogi a farfashe, ciyawa ta cinye layin dogo. Wanda ya gan su zai ɗauka garin ya watse, alhali mutum kusan 20,000 ne ke kwana su tashi a cikinsa. Su nake son gani. Tunda za ka koma a hutun hunturu, bari in shimfiɗa maka abin da zai yi maka amfani.

Ka fara da sanin abin da ya sami wurin, domin kyamara ba ta ɗauko dalili. Kwarin Jiu, a gundumar Hunedoara, garuruwa shida ne a jere: Petroșani, Petrila, Aninoasa, Vulcan, Lupeni da Uricani, kuma kwal ne ya rayar da su. A zamanin gurguzu gwamnati ta kwaso ma'aikata daga sassan ƙasar, ta gina musu benaye kusa da mahaƙai. Gida, asibiti, filin ƙwallo, ruwan zafi, duk a jikin mahaƙa suke rataye. Kafin 1997 ma'aikatan kwal a kwarin sun haura 40,000. Sai dai kwal ɗin yana da zurfi, iskar gas mai fashewa ta yi masa yawa, kuɗin haƙo shi ya fi kuɗin sayar da shi, gwamnati ce ke cike giɓin. A 1997 aka fito da tsarin sallama: wanda ya yarda ya ajiye aiki a ba shi albashin wata 12 zuwa 20 a dunƙule, gwargwadon shekarunsa a aiki. Dubbai suka karɓa cikin 'yan watanni, kuɗin ya ƙare, wani aikin bai zo ba. Mahaƙar Aninoasa ta rufe a 2006, ta Petrila a 2015, ta Paroșeni da ta Uricani a 2017. A 2013 Aninoasa ta zama gari na farko a Romaniya da bashi ya durƙusar da shi har ta kai ga kotu. Tun da ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2007, hanyar Italiya da Sifaniya, daga baya Jamus da Ingila, ta buɗe, matasa suka bi ta. Petroșani tana da mutum sama da 52,000 a ƙidayar 1992, a ta 2021 kimanin 31,000 suka rage. Kai da ka san Kakuri bayan rufe masaƙu, ka san yadda abin yake tafiya: ranar da aka kulle ƙofa ba a ganin komai, sai a hankali mai abinci, da mai haya, da mai ɗinki su fara ji a jikinsu.

To, ina ake ganin wannan da ido? Ka tsaya gaban bene ɗaya mai hawa huɗu ka ƙare masa kallo. A farkon shekarun 1990 an sayar wa mazauna gidajen da suke ciki da araha, saboda haka kowane gida da mai shi, bangon waje kuwa ba shi da uba. Wanda ɗansa ke turo kuɗi daga waje sai ya lulluɓe nasa yankin bangon da farin soso mai tsare sanyi, ya shafa fenti ruwan lemo ko kore, ya sa farar tagar roba. Maƙwabcinsa na sama yana nan da simintinsa ruwan toka da tagar katako tun ta zamanin Ceaușescu, shugaban ƙasar na lokacin gurguzu. Bango ɗaya zai gaya maka wa ke da ɗa a waje, wa ke zaune da fansho kaɗai. Ka duba tagogi kuma. A wurare da yawa ɗumin da ake turowa ta bututu daga tasha ɗaya ya daina zuwa saboda bashi, mai hali ya sa tukunyar gas tasa, marar hali ya kafa murhun itace a falo ya zuro bututun hayaƙi ta taga. Baƙin tabon da hayaƙin ya bari a bango, da itacen da aka jibge a baranda, sun fi hasumiya goma bayani.

Sannan ka bi babban titi ka rubuta irin shagunan da suka rayu. Za ka ga kantin magani, shagon gwanjo inda ake sayar da tufafi a kan kilo, shagon jingina mai alamar "amanet", shagon caca, da takardun motocin da ke kai mutane Italiya da Jamus a manne a jikin turaku. A ƙananan kantunan unguwa akwai littafin bashi da ake biya ranar fansho, kuma tsofaffi da yawa har yanzu ɗan fasa ofis ne ke kawo musu kuɗin a hannu. Ka tambayi mai kanti ranar, domin a ranar ce kasuwa ke cika.

Yanzu ga aikin kyamara, inda sanyi ke yi wa mutum ɓarna. A Disamba rana na fitowa wajen ƙarfe 8, ta faɗi kafin ƙarfe 5, duwatsu kuma suna datse hasken tun kafin lokacin, saboda haka awa biyar ko shida kake da su masu kyau. Batir yana saurin mutuwa a sanyi. Ka riƙe uku, biyu a aljihun ciki inda ɗumin jikinka ke kai musu, wanda ya nuna ya ƙare kuma kada ka fid da rai, in ya ɗumama zai farfaɗo. Babban haɗarin shi ne shiga ɗaki mai ɗumi daga waje: nan take raɓa za ta kwanta a kan gilashi, har cikin kyamarar. Tun kana waje ka saka ta a leda mai zif, ka matse iskar, ka rufe, ka bar ta minti 30 zuwa awa ɗaya kafin ka buɗe. Wannan lokacin ba asara ba ne, shi ne na shan shayi da gaisawa da masu gida. Kada ka canza idon kyamara a waje kusa da tsibin kwal, ƙurar tana shiga ta zauna, ta bar ɗigo a kowane hoton sararin sama. Ido ɗaya mai milimita 35 ya ishe ka yawancin aikin.

Hotunanka na dusar ƙanƙara sun fito ruwan toka. Dalili shi ne ma'aunin haske yana ɗaukar duk abin da ya gani a matsayin matsakaici, in fari ya yi yawa sai ya rage haske. Ka ƙara masa +1, wani lokaci har +1.3, ka duba jadawalin haske kada ya manne a gefen dama. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, domin a cikin gidaje hasken taga shuɗi ne, na ƙwan fitila rawaya, gyaransu sai a kwamfuta. A ɗaki ka buɗe ido zuwa f/2 ko f/2.8, ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 1600 zuwa 3200, kada ka kunna filasha, tana kashe yanayin ɗakin tana kuma firgita tsoho. Idan ka ga ratsi-ratsi a hoton da ka ɗauka ƙarƙashin fitilar kanti, lantarkin ne ke ƙiftawa, sai ka mayar da saurin ɗauka 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa. Mai tafiya a titi kuwa 1/250 yake so. Benaye ma sun fito kamar za su faɗi da baya, saboda ka tsaya kusa ka ɗaga kyamarar sama. Ja da baya, ka riƙe ta a miƙe daidai, f/8, ƙasan da ya yi yawa ka yanke daga baya.

Hoton da nake so ƙwarai shi ne na bayan magariba. Minti 20 zuwa 30 bayan faɗuwar rana, sama tana da sauran shuɗi, an kunna fitilu. Ka kafa mariƙi mai ƙafa uku, ISO 200, f/8, daƙiƙa 2 zuwa 8, ka sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada hannunka ya girgiza ta. Tagogin da ke haske da waɗanda ke duhu za su fito a jere. Amma ka yi hattara da fassara: taga mai duhu ba lallai ne gidan babu kowa ba, wataƙila tsohuwa ce ke tattalin wuta. Da safe ka koma ka duba akwatunan wasiƙu a ƙofar benen da takardar kuɗin kula da gini da ake liƙawa a wurin, ka tambayi maƙwabta, kafin ka rubuta komai a ƙarƙashin hoton.

Batun mutane ya fi duk wannan nauyi. Mutanen kwarin sun gaji da baƙi masu zuwa su ɗauki talaucinsu su tafi, kuma tun Yunin 1990, lokacin da aka kai masu haƙar kwal Bukarest, babban birnin ƙasar, suka daki masu zanga-zanga, sunan yankin ya ɓaci a bakin sauran 'yan ƙasa. Kada ka buɗe hira da wannan. Ka fara da abin da suke alfahari da shi, irin yajin aikin Lupeni na Agustan 1977, wanda ya tilasta wa Ceaușescu zuwa da kansa. Gaisuwar masu haƙar kwal ita ce "Noroc bun", wato fatan sa'a, tsohon ma'aikaci zai ji daɗin jin ta a bakinka. Neman izini kuwa ka ce "Pot să vă fac o poză?", wato "Zan iya ɗaukar hotonku?" Dokar ƙasar ta ba kowa haƙƙi a kan hotonsa, don haka wanda fuskarsa ta fito sosai, kuma kana da niyyar wallafawa, ka karɓi yardarsa a rubuce. Yara da yawa suna hannun kakanni saboda iyaye na aiki a waje, kada ka ɗauki yaro sai babba ya amince. Ka kuma tuna cewa a Nuwamban 2008 mutum 13 suka rasu a fashewar gas a mahaƙar Petrila, iyalansu na nan a garin. Idan wani ya yi shiru da aka ambaci mahaƙa, ka sauke kyamara.

Ka roƙi a nuna maka tsofaffin hotunan gida: bikin aure, 'yan ƙungiyar aiki da fitila a goshi, faretin 1 ga Mayu. Ka shimfiɗa su kusa da taga, kyamara a saitin takardar daidai, f/5.6, ka ɗauka da hannun mai su a gefe. Ta nan mai kallo zai san cewa an yi rayuwa cikakkiya a wurin, ya fahimci abin da aka rasa. Kada kuma ka ɓoye abin da ke motsi: masu wasan zamiya a dusar ƙanƙara a Straja saman Lupeni, ɗaliban jami'ar Petroșani, da zane-zanen mai zane Ion Barbu a gine-ginen mahaƙar Petrila, wasu daga cikin gine-ginen an sa su a jerin wuraren tarihi bayan fafutukar da shi da abokansa suka yi. Akwai kuma Momârlani, manoma makiyaya da ke kan tuddai tun kafin zuwan kwal, suna saukowa kasuwa da cuku da madara.

Kango kuwa, in har sai ka shiga, kada ka shiga kai kaɗai. An kwashe ƙarafa an sayar, matakala da murafen ramuka ba su nan, ga karnukan da ba su da masu. Mahaƙar da ke aiki ba a shiga sai da izini a rubuce, kuma ba a sauka ƙasa da kayan lantarki na yau da kullum saboda gas.

Idan ka samu dama ka isa kafin 4 ga Disamba, ranar waliyyiya Varvara ce, wadda masu haƙa ke girmamawa, ana taruwa. Ranar ma'aikatan mahaƙa kuma 6 ga Agusta ce, don tunawa da waɗanda aka harbe a Lupeni a 1929. Kowane dare ka kwafe hotuna wuri biyu, ka rubuta kwanan wata, gari, titi, da abin da mutumin ya faɗa da bakinsa, tun ba ka manta ba. Waɗanda ka ɗauka, ka wanke musu hoton a santimita 10 da 15 ka kai musu hannu da hannu. In ka dawo ka zaɓi 25 zuwa 30 ka turo mini tare da bayanansu, mu jera su tare.

Ka sa takalmi mai kauri da safar hannu, ka kula da kanka. Ka gaishe mini da 'yan uwa ɗalibai da ke wurin. Allah ya ba da sa'a, ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam,
naka amini.