Barka da Kirsimeti daga Baltimo, Auta ki karanta wa Mama a hankali

Mama barka da Kirsimeti, barkanmu da ganin wannan rana da rai da lafiya. Yaya barka, matar Yaya sannu da fama da tukwane, Auta ke kuma nasan wayar a hannunki take, toh ki zauna kusa da Mama ki karanta mata duka, kar ki tsallake layi irin na wancan karon da kikace wai surutuna yayi yawa. Ku gaida Baba Katikis da ƴan Zumuntar Mata, ku gaida gidan Alhaji maƙwabcinmu, nasan tun rana an kai musu kwanon shinkafa da cincin kamar yadda aka saba, ku ce musu har yau ina bin su bashin naman layyar bana.

Nan yanzu ƙarfe biyu na rana, ku kuna takwas na dare, nasan an gama cin kaji yara sun fita suna ta fasa nokawut a layi. Ni kam ina bakin aiki, dan ranar Kirsimeti kuɗin awa ya fi na kullum, kuma in na zauna a ɗaki ni kaɗai me zanyi banda kallon silin. Sanyi kuwa ba'a magana Mama, hunturun Jos da muke kuka dashi wasan yara ne, kafin ƙarfe biyar na yamma gari yayi duhu ɗulum.

Kun san tsohon da nake kula dashi, wanda nake ce ma Kyaftin. Shekararsa 88, ciwon mantuwa ya kama shi, wani lokacin ƴarsa ta cikinsa zata shigo ya dube ta yace baiwar Allah wa kike nema. Amma ka tambaye shi lambarsa ta makaranta, kafin ka rufe baki ya faɗa maka, 83. Wai haka aka ɗinka masa a jikin komai nasa, riga, wando, safa, tawul, har bargo. Tun zuwana gidan na lura baya barin in gyara masa gado, sai ya lallaɓa da sandarsa yazo yaja zanin gadon ya miƙe tsaf ba ko lanƙwasa, ya ninke kusurwar da gefen hannu, ya jera takalmansa a ƙasa bakinsu na kallon ƙofa. Na ɗauka tsohon soja ne shi yasa ma na laƙa masa Kyaftin, sai ƴar tayi dariya tace ai bai taɓa shiga soja ba, aikin gidan waya yayi har ya yi ritaya, makaranta ce tayi masa haka.

Ashe a ƙasar nan da can akwai makarantun kwana na yara maza da Cocin Katolika ke dasu amma tsarinsu na soja, kuma abun da ya ɗaure min kai da yawa daga cikin na ƙananan yaran Sistoci ne ke riƙe dasu. Ki duba fa Mama, Sista da lulluɓinta da rosari a ƙugu, ga yara ƴan shekara bakwai takwas cikin kaki da hula suna fareti da bindigar katako. Akwai ɗaya a Anaheim can Kalifoniya, St. Catherine's, Sistocin Dominikan suka kafa ta tun 1889 kuma har gobe tana nan. Akwai La Salle da take kusa da Niyok, wannan ta Burodoci ce, wato maza masu alkawarin coci irin na Sistoci, an rufe ta a 2001. Yawancinsu sun mutu ko sun ajiye kakin, dan tun lokacin yaƙin Biyetnam mutanen nan suka fara ƙyamar ganin ƴaƴansu cikin kayan soja, ga Sistocin ma sun ragu ba kamar da ba. Tasa makarantar tana can wata jiha, tuni ta zama tarihi.

An kai shi a 1944 yana ɗan shekara bakwai. Babansa ya tafi yaƙin duniya na biyu bai dawo ba, yaƙin nan dai da Kaka yake bamu labarin sun je Boma, uwar kuma ta samu aiki a masana'anta ba mai riƙe mata yaro, sai ta kai shi wurin Sistoci tana ganin ai nan ne zai samu tarbiyya da abinci sau uku. Ranakun da kansa ya washe yakan bani labari, ni kuma in bar wanke-wanken in zauna. Yace begila ke tashe su da asuba, a wanke fuska da ruwan sanyi, a tsaya ƙiƙam gefen gado a duba farce da bayan kunne da ƙyallin takalmi, a yi layi zuwa Mas, a yi layi zuwa cin abinci, ko bayi sai da layi. Ran Juma'a ba nama, in zaka karɓi jibi kuma tun tsakar dare ba ci ba sha. Hafsoshinsu ba wasu manya bane, yara ne ƴan shekara goma sha uku da aka liƙa ma igiya a kafaɗa, kuma yace Sista in ta dake ka ta gama ta wuce, amma yaron da aka ba muƙami shi baya gamawa. Da ya faɗi haka sai da na kwashe da dariya, nace Kyaftin ai kamar ka san siniyoyinmu. Mai fitsarin kwance kuwa shi zai ɗauki zanin gadonsa ya ratsa tsakiyar ɗaki kowa na kallo. Bai ce min yana cikinsu ba, nima ban tambaya ba, amma duk ranar da tsufa yasa ya jiƙa gado yanzu sai in same shi ya duƙunƙune zanin ya tura ƙarƙashin katifa yana rawar jiki, sai nace masa ai ruwa ne na zubar ban sani ba, ka yi haƙuri.

Duk Lahadi ana basu takarda su rubuta wasiƙa gida, Sista zata karanta kafin a liƙe ambulan. Yace shekara bakwai abu ɗaya yake rubutawa, ina lafiya, abinci da daɗi, ina ƙoƙari a karatu.

Jiya da daddare muka kai shi Mas ni da ƴarsa, a keken guragu, na naɗe shi da bargo biyu. Tunda muka shiga bai ce uffan ba, ana waƙa yana gyangyaɗi. Can da Fada ya iso gaban bagadi kawai sai naji tsohon nan ya miƙe wuya ya saki wata magana da ƙarfi da wani yare, har na gabanmu suka waigo. Ashe Latin ne, amsar da yaran bagadi ke bayarwa a farkon Mas ɗin da, kafin taron Batikan na biyu da aka gama a 1965 ya buɗe hanyar yin Mas da harshen mutane, irin yadda muke yi da Hausa. Ad Deum qui laetificat juventutem meam. Bayan an tashi na tambayi Fadan ma'anarta yace wai, zuwa ga Allah mai faranta ƙuruciyata. Mutumin da bai san me yaci da rana ba. A mota muna komawa sai ya kama hannuna yace Mama tazo? Nace tana hanya. Ƴar ce ta faɗa min daga baya, wai Kirsimetinsa na farko a makarantar kowa ya tafi hutu sai su ƴan kaɗan, uwar bata samu hutu a wurin aiki ba, ya wuni da kakinsa a jikin taga yana kallon hanya. Ta zo bayan sati biyu da kyauta niƙi-niƙi, amma shi wancan wunin ne ya zauna masa.

Mama ban yi barci ba jiya. Abun da ban taɓa faɗa miki ba shi ya dawo min.

Kin tuna 1991 da kuka kai ni makarantar Fadoci a Filato, da akwatin ƙarfe da Baba yasa aka rubuta sunana da farin fenti, da bokiti da langalanga da tsintsiya. Marigayi Baba shi a duniya ba abun da ya kai makarantar Fada, kullum labarinsa St. John's ta Kaduna da Fadocin Ailan, kafin gwamnati ta karɓe ta a 1972 ta koma Rimi College, yace su suka mai dashi mutum. Ni ma bazan ce ban amfana ba. Can na koyi tashi ƙarfe biyar ba mai tashe ni, can na koyi guga da wanki, na shiga kadet ina aji biyu dan kawai naga siniyoyi basa taɓa ƴan kadet, muna ta hagu dama a filin ƙwallo ran Asabar da takalmin da ya fi ƙafata har sai na cusa takarda a ciki. Wake mai ƙwari mun ci, mun ɗebo ma siniya ruwa cikin hazo hannu na tsagewa, mun sha garin kwaki da ƙuli-ƙuli cikin bargo bayan an kashe wuta dan kar a ji ƙarar cokali. Duk wannan yanzu abun dariya ne, in muka haɗu da tsofaffin ƴan ajinmu a waya shi muke ta tunawa har hawaye.

Wanda bai zama abun dariya ba shine ranar ziyara ta watan Mayun 1992, lokacin rikicin Zangon Kataf. Mu a makaranta ba wanda ya zaunar damu yayi mana bayani, ƙishin-ƙishin kawai muke ji. Na goge farar rigata tun daren Juma'a na sa ta ƙarƙashin katifa, da safe bayan Mas na tafi gindin mangwaron nan na bakin get na tsaya. Iyaye na ta shigowa da kuloli, ana shimfiɗa tabarmi, ƙamshin shinkafa da soyayyen nama ko'ina, duk motar da ta tsaya sai in leƙa in ga ko zaninki ne. Maman wani ɗan ɗakinmu ta kira ni in zo in ci, nace na ƙoshi Mamana na hanya. Har aka kaɗa ƙararrawar yamma maigadi ya ja get. Nasan hanya bata biyuwa, nasan kuna can kuna ta kanku, kuma bayan sati biyu kin aiko direba da gari da suga da ƙuli da naira ashirin a ƙulle cikin leda, ban manta ba. Ba laifinki ko kaɗan Mama, Auta ki maimaita mata wannan wurin. Amma wasiƙar da na ba direban ya kawo miki, in kin tuna, cewa nayi ina lafiya, abinci da daɗi. Mu ba mai karanta mana wasiƙa ma, ni da kaina na tace ta.

Toh Yaya, ka ga inda na dosa, maganar ɗanka takwarana ce. Auta ta faɗa min, kar ka yi mata faɗa, wai kana so ka kai shi firamaren kwana a watan Janairu saboda taurin kai da yawon ƙwallo, dan ya horu kafin lokacin jarrabawar makarantar soja ta Zariya. Ni ban ƙi Zariya ba wallahi. Makaranta ce mai tarihi tun 1954, ta fitar da su Idiagbon da David Mark da Buba Marwa, barikin da take ciki ma, Chindit, sunan ya samo asali ne daga yaƙin Boman su Kaka. In ya kai shekarun shiga kuma shi da bakinsa yace yana so, ni zan biya komai har takalmi. Amma yaron nan shekararsa takwas fa Yaya. Wancan watan da muka yi bidiyo yana ta nuna min gibin haƙorinsa yana ɓoyewa bayan zanin Mama. Wane taurin kai ne dashi da ya wuce naka, kai da ka haura katangar mishan ka sato gwaba Baba Katikis ya biyo ka har gida? Ni na tafi ina sha ɗaya kuma kaji abun da na ɗauko, Kyaftin ya tafi yana bakwai gashi yana tamanin da takwas yana tambayata ko Mama tazo. Za'a dawo maka da yaro mai gyara gado da gaisuwa a rusune, wannan ba shakka, amma daga ranar in ka tambaye shi ya makaranta zai ce lafiya lau, kuma shikenan abun da zaka ƙara ji daga bakinsa.

Kai ne babba kuma ɗanka ne, ni roƙo nake. Ka bar shi gaban Mama shekara uku ɗin nan, kuɗin lesin na yamma na ɗauka, in ƙwallon ce matsalar a sa masa doka sai ya gama aikin gida. In kuma ka riga ka biya kuɗi ka yanke shawara, toh naji, amma ka min alkawari ɗaya, duk ranar ziyara wani zai je, ko kai ko matarka ko Auta, ko ba'a dafa komai ba aje hannu rabbana, kuma aje da wuri kafin sauran iyaye su cika wurin. Kuɗin mota a kaina.

Na turo saƙo ta asusun Auta tun Litinin, na Mama daban, na akuyar sabuwar shekara daban, na Baba Katikis daban, Auta kar ki haɗe su. In zaku Kagoro kallon Afan ran 1 ga wata ku ɗauko min bidiyon maharba da masu kaho, kuma dan Allah ku dawo da rana kar ku yi dare a hanya. Mama maganin hawan jinin nan kullum ne, ba sai kin ji ciwon kai ba. A auno min ƙafar takwarana da zare ko a zana ta a takarda a ɗauko hoto, akwai mai zuwa gida a Fabrairu zan bashi but ɗin ƙwallo.

Bari in tsaya haka naji sandar Kyaftin a ƙasa, ya tashi daga barcin rana, in ban je da wuri ba zai fara fama da zanin gado shi kaɗai ya faɗi. Na dafa mana jalof da kaza, nasa ba yaji. Zan kira gobe bayan kun dawo daga coci, Yaya ka kasance kusa.

Naku,
ɗanki na Amurka