Saƙo Ga Membobi Kan Kujerun Wasiyyar Marigayi Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa na Amurka da Ingila da sauran wurare.

Kun san cewa marigayi Baba, Allah Ya jiƙansa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana gyaran tsofaffin kujeru a birnin Filadelfiya na Amurka, ya bar wa ƙungiya kujeru shida cikin sulusin dukiyarsa, domin a sayar a haƙa rijiyar burtsatse a gida. Da baƙin ciki muke sanar da ku cewa an taɓa biyu daga cikinsu ba da izinin kwamiti ba.

Waɗannan kujeru marasa hannu na salon Chippendale ne, irin wanda kafintocin Filadelfiya suka yi fice da shi wajejen 1760 zuwa 1780. Katakon mahogani ne, dangin maɗacinmu, an sassaƙa majinginar da hannu, ƙafafun gaba kuma suna ƙarewa da farcen tsuntsu riƙe da ƙwallo. Mazaunin cirewa ake yi, an cusa shi da gashin doki a kan ɗaurin lilin, kuma kowane mazauni yana da lambar Romawa da ta dace da ta kujerarsa. Masu saye a gwanjo abin da suke dubawa ke nan: tsohon launin katakon da ramukan ƙusoshin farko, domin su ne shaidar shekarun kujera. Wanda ya ɗauki kujeru biyun nan ya goge katakon, ya shafa fenti mai ƙyalli, ya zubar da gashin dokin ya sa soso, ya kuma bi firam ɗin da ƙusoshin inji. Darajar duka shidan ta faɗi, tunda a jere ake sayen su.

Mun yarda gyara ya nufa. Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne akwai waɗanda suka gani suka yi shiru, yau kuma su ne kan gaba wajen zagin shugabanni a WhatsApp, alhali ko sau ɗaya ba su halarci taron wasiyyar ba. Amanar mamaci ce, kuma iyayenmu mata ne ke jiran ruwan nan. Muna roƙon ɗan uwanmu ya zo da kansa, da duk abin da ya rage na tsohon ƙyallen da gashin, ba za a tozarta shi ba.

Sauran huɗun suna hannun Ma'aji, kada kowa ya taɓa su kafin masani ya duba. Kuɗin wata: a biya bashi kafin taron Lahadi.

Wassalam,
Shugaba da Sakatare