Godiya ga Shagon Kayan Noma da Ya Ƙi Sayar Mini da Babban Cokali

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, na rubuto ne a bainar jama'a don in gode wa mai wannan shago da ma'aikatansa, musamman wani matashi da ke sashen kayan tarakta. Ban tambayi sunansa ba, kuma yanzu abin yana damuna.

Ƙaramar tarakta gare ni. Abin da nake nema shi ne cokalin baya, irin wanda ake ɗaurawa a hannuwa ukun nan na bayan tarakta, in riƙa kwasar taki da tsakuwa ina cike ramukan hanyar gona. Kafin in zo gare ku na sha wuya. A wuri na farko ko tambayata ba a yi wace irin tarakta ce ba, aka nuna mini cokalin da ya fi kowanne girma aka ce shi ne na maza. Na biya, na kai gida, sai ga fil ɗinsa, wato ƙarfen da ke shiga ramin hannun tarakta, ya ƙi shiga. Ashe na rukuni na biyu ne, mai kaurin milimita 28, tawa kuwa rukuni na ɗaya ce, milimita 22. Da na mayar, sai da na yi zuwa uku kafin a karɓa, ana ta yi mini kallon wanda ya zo roƙo. A wuri na biyu kuma, da na ce tayoyin baya suna sulɓi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, amsar ɗaya ce: "Ka dura musu ruwa kawai." Ruwa nawa? Wane iri? Shiru.

Da wannan haushin na shigo wurinku. Yaron nan ya ba ni kujera, ya ce, "Baba, ka zo da littafin taraktar?" Na zo da shi, don wahala ta koya mini. Ya buɗe shafin da ke nuna nauyin da hannuwan baya ke iya ɗagawa, ya nuna mini cewa lambar tana raguwa idan kaya ya yi nesa da fil, shi ya sa ake auna ta a nisan inci 24 bayan fil. Sannan ya ce jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya nauyi nesa ba kusa ba, don haka in ɗauki mai faɗin inci 24, in bar mai inci 30. Wato ya sauko da ni zuwa mai araha da bakinsa. Na dube shi sau biyu. Wanda ya zaɓa mini ana iya juya shi, ya kwasa da tafiyar gaba ko da ribas, kuma igiya ake ja ya zubar.

Amma inda ya burge ni shi ne maganar nauyi. Ni a zatona in na cika tayoyin baya an gama. Ya ce a'a. Ruwan taya yana sa ta kama ƙasa, yana kuma saukar da nauyin tarakta ƙasa-ƙasa don kada ta kife a gangara, amma ba ya hana gaba ɗagawa in cokali ya cika. Wannan sai an rataya ƙarafan nauyi a gaba, in ba haka ba sitiyari zai zama ado. Ya ce a cika taya kashi 75 cikin ɗari kawai, bawul yana can sama, saboda ruwa ba ya matsuwa, iskar da ta rage ita ke shanye gargada. Ya bayyana mini cewa wasu na zuba ruwan wani gishiri don ƙarin nauyi da hana daskarewa, sai dai in ya yoyo yana cinye rim da tsatsa. Da ya ji cewa sanyinmu ba ya kai ruwa ya daskare, ya ce ruwa zalla ya ishe ni, kowace lita kilo ɗaya ce.

Ɗaurawa da durawa duk an yi su a ranar, ba wani dogon labari.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda wannan ya zama abin rubuta wasiƙa. Masu sayar da kayan aiki da yawa ba su taɓa hawa tarakta ba, kuma ba su damu ba. Su dai kaya ya fita. In gaban taraktar mutum ya tashi sama a kan tudu, su suna gida suna barci. Har yau ina jin takaicin zuwa ukun nan.

Ina fita ya biyo ni da gudu ya ce, "Baba, in cokali ya cika ka riƙe shi ƙasa-ƙasa, kuma tudu ka hau shi da baya." Haka nake yi. Ranka ya daɗe mai shago, don Allah a isar masa da gaisuwata, in na dawo sayen tacen mai zan tambayi sunansa.

Naku,
Wani ƙaramin manomi