Wasiƙa daga Otawa: rainon 'ya'yan mutane a cikin ƙanƙara

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara baki ɗaya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu ma nan lafiya lau muke, sai sanyi da ya kankama.

Rannan kin tambaye ni yadda sana'ar rainon take tafiya, waya ta yi ta katsewa har muka haƙura. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto miki a tsanake. Sana'a alhamdulillahi, ana samun rufin asiri. Yara shida ne a hannuna, iyakar abin da dokar lardin Ontariyo na ƙasar Kanada ta yarje wa mai raino a gidanta ke nan, idan tana ƙarƙashin hukuma mai lasisi. Iyaye suna kawo su da sassafe kafin su wuce aiki, su dawo ɗaukarsu cikin duhu, don a watan Disamba ƙarfe huɗu da 'yan mintuna rana ta faɗi. Abincinsu da barcinsu da rigimarsu duk ban ɗauke su komai ba, mu da muka taso da goyon ƙanne. Abin da yake ci min tuwo a ƙwarya shi ne kayan sanyi, yadda zan sa iyaye su kawo min 'ya'yansu da suturar da ta dace.

Dokar raino ta lardin nan, ta shekarar 2014, da ƙa'idojin da suka biyo bayanta, sun ce yaron da zai yi awa shida ko fiye a gidan raino sai an fita da shi waje aƙalla awa biyu a rana, muddin yanayi ya bari. Na san abin da za ki ce, don Inna ta riga ki faɗa: wace irin rashin tausayi ce a fitar da jinjiri cikin ƙanƙara? Amma Yaya, hunturun nan daga Nuwamba yake farawa, bai saki mutane sai wajen Afrilu. Ki kulle ɗan shekara uku a ɗaki wata biyar ki ga yadda zai koma. Ba ci, ba barcin rana, sai cizo da yaƙushi. Mura kuma ƙwayar cuta ce take kawo ta, a ɗakin da aka rufe ruf ta fi saurin bin yara ɗaya bayan ɗaya. Duk ranar da muka fita, kafin in gama kwashe kwanuka sun yi barci.

Akwai iyaka dai. Ƙungiyar likitocin yara ta Kanada ta ba da shawarar a bar yara a cikin gida idan sanyi, haɗe da kaɗawar iska, ya kai digiri 27 ƙasa da sifili. Hukumar yanayi ta ce daga 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Don ki gane, firizar da kike ajiye naman layya 18 ƙasa da sifili take, kuma a Janairu akwai safiyar da ƙofar gidana ta fi cikinta sanyi. Irin wannan rana ba ma leƙa waje. Amma yawancin kwanaki ba su kai haka ba, kuma yaron da aka shirya da kyau zai yi wasansa har ya yi gumi.

Inda gizo yake saƙar shi ne ni kaɗai ce. A manyan gidajen raino, idan yaro ɗaya bai zo da takalmi ba, wata malama ta zauna da shi a ciki, wata ta fita da sauran. Ni fa? Ba zan bar ɗaya a ɗaki in fita da biyar ba, ba zan kuma fita da shi ƙafarsa ta daskare ba. Yaro ɗaya ya zo babu shiri, duka shidan sun wuni a ciki ke nan.

Kwanan baya haka ta faru. Na gama shirya biyar a bakin ƙofa, kuma shirin nan aiki ne. Wandon ƙanƙara tukuna, sai takalmi, a ja ƙafar wandon ta rufe bakinsa, sai safar hannu kafin jaket don hannun riga ya danne ta, sai hula har kunne, sannan a ja zif. Na ɗauko jakar ta shida, yarinya 'yar shekara uku, na zazzage. Kambas ne na yadi a ciki, da wata jaket mai kyau ta zuwa biki, ba hula, ba safar hannu. Takalman da nake ajiyewa na aro babu mai shigarta. Haka na durƙusa na shiga tuɓe sauran ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro ya riƙe ƙaramin shebur ɗinsa na roba gam, yana kuka yana nuna taga. Ita kuma yarinyar ta rakuɓe a bango, don ta gane saboda ita ne. Wannan kallon nata shi ya fi tsaya min a rai, alhali ba ta da laifin komai.

Da wuya ki samu uwar da ba ta damu da ɗanta ba, dalilai ne kowa da nasa. Masu mota suna da hujja mai ƙarfi: ana gargaɗin kada a ɗaure yaro a kujerar mota da jaket mai kauri, don idan aka yi karo audugar ciki tana lotsewa, bel ɗin ya yi sako-sako. Sai uwa ta sa masa 'yar suwaita, daga mota mai ɗumi zuwa ƙofata taku goma ne, babbar rigar kuma ta manta ta a gida.

Waɗanda na fi tausaya wa su ne sababbin zuwa, 'yan Najeriya da Kamaru da Sudan da sauran ƙasashen zafi. Su ba sakaci suke yi ba, har wuce gona da iri suke yi. Za ki ga an jibga wa yaro singileti biyu, riga uku, wando kan wando, duk na auduga, ya zo ko hannu ba ya iya lanƙwasawa. Auduga kuwa tana shan gumi ta riƙe, da an fita sai ta zama jiƙaƙƙen tsumma a jikin yaro. Hawa uku kawai ake buƙata. Na jikin fata ya zama yadi mara riƙe gumi, na tsakiya ulu ko makamancinsa, na waje wanda ruwa da iska ba sa ratsawa. Safar hannu kuma mai aljihu ɗaya, wadda yatsu huɗu suke zama tare suna ɗumama juna, ta fi mai yatsu biyar nesa ba kusa ba. Mayafin wuya mai jela ba na yarda da shi ko kaɗan, yana iya maƙalewa a lilo ya shaƙe yaro. Akwai na zurawa ta ka, shi nake cewa a sayo.

Wani abin da nake dagewa in nuna wa namu shi ne yadda cizon sanyi yake bayyana a baƙar fata. Takardun da ake rabawa yawanci cewa suke fata za ta yi ja sannan ta yi fari. A jikin 'ya'yanmu jan ba ya fitowa sosai, sai dai ki ga gefen kunne ko kumatu ko kan hanci ya yi toka-toka, ya yi tauri, yaron ya ce ba ya jin wurin. Kuma abin da hannunmu ya saba yi, a murza ko a kara a wuta, shi ne aka hana. Wurin da ya mutu ba ya jin zafi, sai ya ƙone ba a sani ba. Tafin hannu ake ɗorawa a hankali, ko ruwa mai ɗumi-ɗumi, idan bai dawo daidai ba a tafi asibiti.

Yanzu tun watan Oktoba nake zama da kowace uwa ita kaɗai, ba a bakin ƙofa gaban mutane ba. Saƙon waya ba ya wadatarwa. Shimfiɗa kayan nake a kan darduma, ta taɓa da hannunta, ta juya takalmin ta ga cikinsa. Sai in roƙe ta ta bar min saiti ɗaya a nan daga Litinin zuwa Juma'a, da sunan yaron a jiki, da safar hannu biyu don ɗaya kullum a jiƙe take. Da wannan maganar kujerar mota ta ƙare.

Na kuɗi ya fi wuya, don mutum ba zai buɗe baki ya ce ba shi da shi ba. Kayan suna da tsada, yaro kuma kafin baɗi ya fi ƙarfinsu. Akwai wani uba, ɗalibi ne yana aikin dare, kullum sai ya ce min gobe in sha Allahu, yana kallon ƙasa. Na gane. Na ce masa, Malam, akwai kayan da yaran da suka girma suka bar min, suna cin min wuri, ka taimaka ka ɗauka. Gaskiya ce kuwa na faɗa. Daga baya na nuna wa matarsa shagunan gwanjo, na kuma kwatanta mata The Snowsuit Fund, wata ƙungiya ce a nan Otawa da ta haura shekara 40 tana ba 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi rigunan ƙanƙara a kan kuɗi kaɗan.

Wasu abokan sana'ata sun gaji da magana, sai su saya wa yaran komai da kuɗinsu. Ni ban goyi bayan haka ba. Yaron nan Asabar da Lahadi yana hannun uwarsa, kuma yana cika shekara huɗu zai shiga makaranta, inda kullum ake fitar da su waje lokacin tara. Idan uwar ba ta koya a wurina ba, can zai je ya sha wahalar. Akwatin arona na mantuwa ne. Uwar yarinyar nan da na ba ki labari tana da hali, raina abin ta yi. Da abin ya yawaita na zaunar da ita na ce, 'yar'uwa, amanar yara shida ce a wuyana, kuma yana cikin yarjejeniyar da muka sa wa hannu, gobe idan babu takalmi ba zan iya karɓarta ba. Ranta ya ɓaci, kwana biyu gaisuwarmu sama-sama. Amma takalmi ya zo, yarinyar kuma yanzu ita ce take fara isa bakin ƙofa.

Na ji an ce hunturu ya sauka a Kano da ƙura. Don Allah ki sa ido a kan Inna, kada a bar mata kaskon gawayi a ɗaki a rufe ƙofa da dare, hayaƙinsa ba ya wari amma yana kisa. Idan kuma kin ji mai tahowa, ki haɗo min man kaɗanya mai kyau. Na'urar ɗumama gida tana busar da fata, ƙafafun yarana duk sun yi kaushi, kuma man da ake sayarwa a nan bai kama ƙafar namu ba.

Ki gaishe min da Baba da Inna, da maigidan, da su Gwaggo, da duk mutanen gida. Yara suna gaishe ku. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Taki,
ƙanwarki