Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Katsina Kan Sana'ar Gwangwan Da Lafiyar Yaranmu

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsina,
Alhaji Abdulmumini Kabir Usman,
Ta hannun Magajin Gari.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Mu ne talakawanka masu cin abinci da tsohon ƙarfe a birnin Katsina da kewayensa: 'yan jari-bola masu tura kura lungu-lungu, da masu sikelin da ke saye a hannunsu, da maƙera, da masu walda, da masu zubin tukwane, har da samarin da ke zuwa koyon ƙira don sha'awa idan sun taso daga makaranta. Ni da aka ba alƙalami maƙeri ne ɗan maƙeri, a gindin zuga-zugi na buɗe ido. Kukanmu guda ne, ranka ya daɗe: a tsara mana wannan sana'a tun ba ta ƙarasa cinye yaranmu ba, kuma tun ba a kai ga rufe ta baki ɗaya saboda laifin wasu ba.

Ga abin da ya tashe mu tsaye. Ana saura 'yan kwanaki a kama azumin da ya wuce, aka kawo wa maƙwabcina duro a raba shi biyu don a yi kwamin shayar da dabbobi. Duron ya daɗe a ajiye, an girgiza shi ba a ji ko ɗigo ba. Yaron shagon, wanda bai wuce shekara sha huɗu ba, ya ɗora masa giranda. Tartsatsin farko da ya shiga ciki sai muka ji ƙara kamar an buga bindiga, murfin ya tashi ya huda kwanon rumfa. Ni na ɗauki yaron a kafaɗa zuwa bakin titi, rigata ta jiƙe sharkaf. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau hannunsa na dama ba ya damƙar cokali. Abin da ke ci mini rai shi ne babu wanda ya taɓa gaya masa cewa duron da ya taɓa ɗaukar fetur ya fi haɗari idan babu komai a cikinsa, domin tururin man da ya gauraya da iska shi ke kamawa. Da an kwance murafan, an wanke shi, an cika shi da ruwa har kusa da inda za a yanka, da yanzu yana nan yana aikinsa. Maganar da ba ta fi minti biyu ba ita ta raba shi da hannu.

Mun san abin da ake faɗa a kanmu, kuma ba za mu zo gaban Sarki mu ce duka ƙarya ne ba. Akwai ɓata-gari da suka fake da buhu da kura. Su ke cire murfin kwalbati, su yanke wayar taransifoma unguwa ta kwana a duhu, su zare rodi a ginin da mai shi ya shekara yana tara kuɗinsa. Akwai kuma mai sikelin da zai ga kan famfo sabo fil a hannun yaro ya saya bai tambaya ba. Wake ɗaya ke ɓata gari, shi ya sa yau duk wanda ya rataya buhu ake yi masa kallon ɓarawo, har an sha lakaɗa wa wanda bai ji ba bai gani ba duka a bakin layi. Muna da labarin cewa a 2023 gwamnatin Borno ta haramta sana'ar a jiharta, muna kuma jin wasu na cewa a yi haka nan. Ranka ya daɗe, matashin da aka ƙwace wa kura a wannan lokaci da ake fama da rashin tsaro a ƙauyukanmu, ina zai nufa?

Kuma ba shi kaɗai zai ji a jikinsa ba. Tsohon sifirin mota da ɗan jari-bola ya kawo, shi nake dukawa a kan uwar maƙera ya zama gatari ko bakin garma. Fartanya da laujen da manomin Batagarawa ko Rimi ko Kaita ke saye idan damina ta kawo kai, yawancinsu daga gwangwan suka fito. Duro yana zama kurfoti da kaskon suya, alminiyam ya zama tukunyar biki, abin da ya rage a loda a tirela a kai inda za a narka shi ya dawo rodi. Katsina ba baƙuwar ƙarfe ba ce. Tun kafin Gwamnatin Tarayya ta gina masana'antar mulmula ƙarfe a nan a farkon shekarun 1980, fadar nan ta san darajar maƙera, ta ba su sarkinsu.

Inda muke so Mai Martaba ya fi dubawa shi ne ƙananan yara. Da hantsi a leƙa kowace bola daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, za a gan su: yaro ya ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika, ya ɗaure da igiya yana ja a cikin shara, ƙafarsa silifas ɗaya ya tsinke an ɗaure da leda. A cikin sharar nan akwai allurar da aka yi wa marar lafiya, da fasasshiyar kwalba, da ƙusa. Idan ƙusa ta soke shi sai ya yayyafa ƙasa ko ya shafa baƙin mai ya ci gaba, alhali ƙwayar cutar sarƙewar haƙora a cikin ƙasar da kashin dabbobi take zaune, rauni mai zurfi take nema. Ruwa mai tsabta da sabulu da allurar riga-kafi su ne maganin abin, amma wa ya gaya masa? Da yamma kuma su tara wayoyin wuta su cinna musu taya don robar ta ƙone jan ƙarfen ya fito. Su tsuguna a kai suna tonawa da kara, baƙin hayaƙi na shiga ƙirjinsu, ya bi iska ya shiga gidajen mutane. Da wuƙa ake feɗe waya. Ya fi cin lokaci, amma jan ƙarfen da ba a ƙona ba ya fi daraja a kan sikeli, duk mai saye ya san haka.

Wanda ya fi wannan muni shi ne batirin mota da na sola. Ana fasa shi da guduma a tsakar gida, a tuttular da ruwan a kwata, a narka dalmar a tsohuwar tukunya kusa da inda ake girki. Ruwan batir yana cin fata, yana makantarwa. Ita kuwa dalma ba ta da wari, ba ta da zafin da za a ji nan take. Ƙurarta ke bin tufafi da hannu ta shiga abinci, ta zauna a jinin yaro ta dakushe masa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Ba mu manta da Zamfara ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun zinariya a cikin gidaje. Hanyar ta bambanta, gubar ɗaya ce. Haka masu zubin tukwane, 'yan'uwanmu ne muna tare da su a wannan takarda, sun yarda a faɗa: idan aka zuba duk abin da aka samu a cikin narkakken alminiyam ba a tantance ba, dalma na iya shiga tukunyar da za a dafa wa iyali tuwo.

Akwai kuma kayan da bai kamata kowa ya sa musu guduma ba. Ƙarfe yana zuwa mana daga nesa, wani daga wuraren da aka yi faɗa, kuma harsashi ko bam ɗin da bai tashi ba yana iya shekaru a cikin tsatsa da ransa. Tukunyar gas da ta kashe gobara da kwamfuresar firij, duk abin da yake a rufe ruf, ba a kai shi wuta. Wani malamin asibiti da ke sayen kurfoti a wurina ya ba mu labarin garin Goyaniya a Brazil, inda a 1987 wasu masu tsintar ƙarfe suka ɗauko wata na'ura daga asibitin da aka daina amfani da shi, suka fasa ta, aka ga wani gari mai sheƙi shuɗi aka yi ta rabawa 'yan'uwa. Mutum huɗu suka mutu, cikinsu har da yarinya 'yar shekara shida. Ya zana mana alamar da ake sa wa irin waɗannan kaya, kamar farfela mai fiffike uku a kan rawaya. A cikinmu mu fiye da ashirin da ke zaune a ranar, babu wanda ya san ta.

Saboda haka muke roƙon Mai Martaba, a matsayinsa na uban ƙasa wanda gwamnati ke jin maganarsa, ya sa baki a ba mu fili a wajen gari inda za a mayar da sikeli da fasa kaya da narka, a fitar da su daga tsakiyar gidajen aure. Muna roƙon a umarci masu unguwanni su rubuta sunan duk mai tura kura da na ubangidan da ya tsaya masa, a ba shi shaidar da zai rataya, don mai gida ya san wanda ya shigo layinsa. Kowane mai sikeli ya ajiye littafi, ya rubuta wanda ya kawo kaya da abin da ya kawo. A hana saye bayan magariba, a hana saye a hannun ƙaramin yaro, domin ranar da yaro ya rasa mai saye ranar zai daina ɗauke wa uwarsa murfin tukunya, ya kuma daina kwana a bola. Wanda aka kama da kayan gwamnati ko na masallaci ko na maƙabarta, mu da kanmu za mu miƙa shi.

Roƙonmu mafi girma shi ne koyarwa. A sa Sarkin Maƙera ya tara mu ko da sau ɗaya a wata, a gayyato 'yan kwana-kwana da ma'aikatan lafiya da 'yan sandan da suka san harkar bam, su nuna mana da hannu, da Hausa. A zo da allurar riga-kafi wurin a yi wa kowa. Limamai kuma su taɓa maganar a huɗuba, don iyaye da malaman tsangaya su san inda yaransu ke yini.

Mu ma ba mu zo hannu rabbana ba. Mun yi alkawari a tsakaninmu cewa duk wanda ya ɗauki yaro aiki zai saya masa safar hannu ta fata da takalmi mai tauri da tabarau kafin ya taɓa giranda. Ba za a ƙara cire wa giranda marfin kariya don a sa babban faifai ba. Mai walda ba zai bar yaro ya kalli wuta da ido tsirara ba, mun gaji da ganinsu suna kwana suna hawaye kamar an zuba musu yashi. Ƙarfe mai rufin tutiya, irin bututun ruwa, a sarari za a yi masa walda saboda hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Mai zubi zai gasa ƙarfe da ludayi su bushe ƙayau kafin su shiga narkakke, domin ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya watsa shi a fuska. Kowace rumfa za ta ajiye bokitin yashi da jarkar ruwa da sabulu, kuma ba a cin abinci sai an wanke hannu. Wannan mun fara, amma wanda ya ƙi ba mu da ikon tilasta masa sai da umarnin fada.

Muna roƙon a ba mu rana mu zo mu faɗi gaban Sarki mu yi bayani da bakinmu. Murfin duron nan yana ajiye a maƙerata yadda ya lanƙwashe, za mu zo da shi. Mahaifin yaron ma ya ce zai biyo mu tare da ɗansa.

Allah ya taimaki Sarki, ya zaunar da ƙasar Katsina lafiya.

Wassalam.

Daga talakawanka,
Maƙera, masu walda, masu zubin tukwane, masu sikeli da 'yan jari-bola na birnin Katsina.