Mukullai uku kada su taru a aljihun shugaba ɗaya

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ka ɗan ba mu fili mu yi magana kan ƙungiyoyin zuhudu na Cocin Katolika, wato na fada-fada (limaman Katolika) da sistoci da suka yi alkawarin talauci da tsarki da biyayya. A ganinmu ɓarna takan samu gindin zama ne idan mukullai uku suka taru a hannun mutum guda: ikon umarni, sirrin zuciyar mabiya, da kuɗi.

Labarin Marcial Maciel ya isa misali. Ya kafa ƙungiyar Legionaries of Christ a Meksiko a 1941. Tun 1956 fadar Vatikan ta tura masu bincike a kansa, amma suka dawo ba abin kamawa, aka mayar da shi kujerarsa a 1959. Me ya sa? Bayan alkawura ukun da kowa ya sani, ya ɗora wa mabiyansa wani na ɓoye: ba za su taɓa sukar shugaba ba, kuma wanda ya ji ana suka dole ya kai rahoto. Daga baya wasu tsofaffin 'yan ƙungiyar suka ce ƙarya suka yi wa masu binciken. Sai a 2006 Paparoma Benedict na 16 ya umarce shi ya koma gefe ya yi tuba, ya mutu a 2008. Rahoton da ƙungiyar ta fitar da kanta a Disambar 2019 ya ce fada 33 sun ci zarafin yara 175, kuma aƙalla 60 daga cikinsu aikin Maciel ne. Haka ƙungiyar Sodalitium ta Peru, wadda Luis Fernando Figari ya kafa a 1971: an kore shi a 2024, aka rushe ta baki ɗaya a 2025.

Abin takaici, doka ba ta yi ƙaranci ba. Kundin dokokin Coci na 1983 ya riga ya raba mukullan nan. Sashe na 624 ya ce shugabanci na da wa'adi, kada mutum ya daɗe a kujera ba hutu. Sashe na 636 ya ce ma'aji ya zama wani dabam, ba babban shugaba ba. Sashe na 630 kuwa, wanda mu muke ganin ya fi muhimmanci kuma shi aka fi takewa, ya hana shugaba sauraron furta zunubin waɗanda ke ƙarƙashinsa sai in su suka nema, ya kuma hana shi tilasta musu su buɗe masa cikinsu ta kowace hanya. Hikimar a fili take. Wanda ya san rauninka, shi ne kuma zai sa hannu a tura ka karatu ko a jefa ka wani ƙauye mai nisa, to wuƙa da nama na hannunsa. Ko ba ya yi maka barazana, kai da kanka za ka kama bakinka.

Inda ake samun matsala shi ne ziyarar binciken da sashe na 628 ya ce manyan shugabanni su riƙa kai wa gidajen ƙungiya. An sanar da ranar tun wata guda, an share gida, shugabar gidan ce ta tari baƙo, ita ta tsara wanda zai shiga da wanda zai fita, ɗakin ganawar kuma yana jikin ofishinta. Wace sista ce za ta buɗe baki a nan? Ziyarar da za ta yi amfani sai an gana da kowa shi kaɗai, minti nawa aka ba wannan haka za a ba wancan, don kada a gane wanda ya daɗe a ciki. A nemi takardun banki na asali, ba taƙaitaccen lissafin da aka buga a kwamfuta ba, a duba ko mutum biyu ke sa hannu kafin a cire kuɗi. Sannan a nemo waɗanda suka bar ƙungiyar cikin shekarun baya a ji ta bakinsu, domin su ne ba sa tsoron a canza musu wurin aiki.

Batun masu fita ma akwai gyara. Sashe na 702 ya ce wanda ya fita ba ya bin ƙungiya ladan aikinsa, sai dai a yi masa adalci da ƙauna. Yarinyar da ta shiga tana 'yar shekara 18, ta kai 40 ba takardar sana'a ba asusu, ina za ta? Tsoron wannan kaɗai ya isa ya rufe mata baki. Ya kamata kowace ƙungiya ta rubuta ƙarara abin da za ta ba mai fita.

Wannan ya shafe mu a nan Najeriya, inda sababbin ƙungiyoyi ke ta tsirowa a ƙarƙashin dayosis-dayosis (yankunan da bishop-bishop ke shugabanta), galibi wanda ya kafa yana raye, kowa na kiransa Baba ko Mama. Tun Nuwambar 2020 Paparoma Francis ya gyara sashe na 579: bishop ba zai kafa sabuwar ƙungiya ba sai da rubutaccen izinin Vatikan. Iyaye na da haƙƙin su nemi ganin takardar kafa ƙungiya kafin su miƙa 'yarsu. Kuma 'yar ƙasar nan ce, Sista Veronica Openibo, ta tsaya gaban Paparoma da bishop-bishop a taron Vatikan kan cin zarafin yara na Fabrairun 2019 ta soki al'adar yin shiru, ta kuma ƙi yarda cewa matsalar ta Turawa ce kawai.

Dokar Paparoma kan kai rahoton cin zarafi, wato Vos estis lux mundi ta Mayun 2019, wadda aka sabunta a 2023, ta wajabta wa kowace dayosis buɗe ofishin karɓar ƙorafi da jama'a za su iya kaiwa gare shi cikin sauƙi, ta wajabta wa fada da sista kai rahoto, ta kuma hana a sa wa mai ƙorafi takunkumi. Roƙonmu ga iyayenmu bishop-bishop na Kaduna da Jos da Kano da Sakkwato da Maiduguri shi ne a liƙa sunan ofishin da lambar wayarsa a allon sanarwa na kowace majami'a da kowane gidan horar da sababbin shiga, da Turanci da Hausa.

Naku,
Wasu 'yan Katolika masu nazarin dokokin Coci, Jos