Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Tallafin Kuɗin Magani

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa da ban girma irin na ɗa ga mahaifi, mu talakawanka masu fama da ciwon suga, hawan jini, farfaɗiya da asma, tare da masu jinyarmu, mun durƙusa gabanka da wannan takarda. Da so samu ne da ba mu dame ka ba, amma abin da ya faru makon jiya ya fi ƙarfin shiru.

Akwai wata baiwar Allah a cikinmu, mijinta ya rasu, tana da yarinya mai ciwon suga irin wanda ke kama yara, wanda ba ya jin ƙwaya sai allurar insulin kullum. Sunan yarinyar yana cikin shirin tallafin sayen magani tun bara. Da uwar ta je karɓa, sai aka ce katinta ya ƙare, sai an sabunta. Aka ce ta kawo sabuwar takardar likita, ta kawo. Aka ce shaidar mai unguwa, ta kawo. Hoto ma ta kawo. Daga nan aka ce mai sa hannu ya tafi taro, ta dawo wani mako. Uwa ta duba kwalba ta ga saura kaɗan, ta fara raba allurar biyu don ta kai. Ba ta kai ba. Yarinya ta kama ƙishirwa da amai, numfashi ya canza, aka kwashe ta ranga-ranga zuwa asibiti cikin dare. Likitoci suka ce idan jiki ya rasa insulin yakan koma ƙona kitse, sai guba ta taru a jini, kuma wannan kan yi kisa cikin 'yan kwanaki. Allah ya yi da sauran kwananta. Amma kuɗin gado da ƙarin ruwa ya ninka na allurar da aka hana ta, har sai da uwar ta sayar da keken ɗinkin da take ci da marayunta da shi. Saƙon cewa an amince da sabunta katin kuwa, ranka ya daɗe, yana shigowa wayarta ne tana zaune a bakin gadon asibiti.

Ba mu zo ƙarar kowa ba, kuma ba za mu kama suna ba. Sai dai muna tambaya cikin ladabi: ciwon da ba ya warkewa, me ake sabuntawa a takardarsa duk bayan 'yan watanni?

Mun sha zuwa ofis. Mun rubuta, mun aika wakilai, an karɓe mu da fara'a, an ce ana dubawa. Har mun daina ƙirga zuwan. A tsakanin nan dattawanmu masu hawan jini suna shan ƙwaya yau su tsallake gobe, saboda ciwo ne da ba ya nuna alama sai ranar da ya kayar da mutum da shanyewar ɓarin jiki. Mai farfaɗiya idan maganinsa ya yanke farat ɗaya, faɗuwar kan dawo fiye da da. Mai asma yana girgiza abin shaƙarsa ya ji babu komai ciki. Wani sa'in ma an amince maka, ka je wurin karɓa a ce maganin ya ƙare, ka saya a waje, ba mai mayar maka da ko sisi.

Abin da muke roƙo ba magungunan alfarma ba ne. Insulin da metformin na ciwon suga, amlodipine na hawan jini da salbutamol na asma duk suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, jerin da aka fara fitarwa tun 1977. Ita insulin an gano ta a Jami'ar Toronto ta Kanada a 1921, kuma masu haƙƙin mallakarta suka sallama wa jami'ar a kan dala ɗaya kowannensu, don kada kuɗi ya shiga tsakanin majiyyaci da ita. Yau shekara ɗari da ɗoriya, takarda ce ta shiga tsakani.

Don haka, Allah ya taimake ka, muna roƙo ka sa baki a daina katse wa mai ciwo na dindindin magani saboda sabunta kati; a ba shi na wata guda yana sha kafin takarda ta fito. A sa mutum na biyu mai ikon sa hannu, domin ciwo bai san taro ba. A liƙa sharuɗɗan shiga shirin a bango da harshen da muke ji, kowa ya san abin da zai kawo tun zuwan farko. A riƙa sayo magani da yawa a lokaci ɗaya, kuma a sayi wanda ba na babban kamfani ba matuƙar hukuma ta tantance shi, tunda sinadarin ɗaya ne, kuɗin kuma ya fi sauƙi. A gaya mana nawa ke shiga asusun nan da mutum nawa ya taimaka. In kuɗin ne babu, a faɗa mana gaskiya mu san inda muka dosa, ya fi a yi ta yi mana jeka-ka-dawo. Muna kuma roƙo a dubi wannan uwa a mayar mata da abin da ta kashe. Sannan, ka gafarce mu da maimaitawa, maganar sa hannun nan a gyara ta.

Kwalbar da aka sallami yarinyar da ita ba za ta wuce ƙarshen wata ba, kuma har yau katin bai zo hannun uwarta ba.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da ɗaukaka, amin.

Mu ne talakawanka masu biyayya. Sa hannunmu da dangwalen yatsunmu suna haɗe da wannan takarda.